Shayin Da Babana Ya Bari Ya Huce

Assalamu alaikum masu karatu. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni yarinya ce da ba ta daɗe da gama sakandare a Hasahisa ba, irin yaran nan da ba a jin muryarsu a gida sai in suna tilawa. Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira, kuma kusan dukanmu jikokin mutanen Sakkwato ne da Allah ya zaunar a nan. Babana ba shi da gonar kansa. Hawashar wani attajiri, wato gonarsa ta ban-ruwa, yake nomawa, in an girbe a raba biyu, kuma ya daɗe a kanta har mutane suka saba kiranta da sunan babana. Ni ce 'yarsa ta fari. Ina da tausayi har ya yi mini yawa, ko kaza za a yanka sai in shige ɗaki in toshe kunne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma har gobe muna haɗuwa a wajen suna da makoki.

Ba wanda ya tilasta mini auren mijina na farko. Ni na gan shi na ce ina so. Yana aiki a masaƙa, yana da keke da farar jallabiya kullum a goge, ga fara'a a waje wadda tsofaffi ke yabo. Kuma ɗan ƙanin mai hawashar da babana ke nomawa ne, a hannunsa ya tashi tun yana maraya, saboda haka kowa ya ga abin tuwona maina. Lallen amarci bai gama fita daga ƙafata ba ya fara marina, a kan na ara wa maƙwabciya tukunya ban gaya masa ba. Ranar ya yi kuka ya fi ni, ya ce shaiɗan ne, ni kuma na yarda, har ni ce mai rarrashinsa. Daga nan abin ya zama jiki. Kisra, wainar dawar da muke ci, ta yi kauri, duka. Na daɗe a wajen ɗiban ruwa, duka. Na yi shiru, ya ce raini ne, na yi magana, ya ce boko ne ke ruɗa ni. Na kai ga na san alamominsa kamar yadda manomi ya san hadari. In ya shigo ya ƙara muryar rediyo, ya kwance agogonsa ya ajiye a kan taga, to na san abin da ke tafe. Agogon yake jin tsoron ya fashe. Washegari in yafa tob ɗina tun daga kai har idon sawu in fita, kuma babu abin da ya kai tob iya rufa asiri.

Da abin ya fi ƙarfina sai na fara yaji. Zan tafi gidanmu in shige ɗakin Inna, ta gasa mini jiki da ruwan zafi, ta shafa mini man riɗi, tana hawaye tana cewa in yi haƙuri, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ita ma ba a kan katifa ta kawo wannan shekarun ba. Kafin babana ya dawo daga gona na yi wanka na rufe jikina, abin da zai gani kawai 'yarsa ce zaune da kai a sunkuye. Zai tambayi Inna, ta ce saɓani ne irin na yara. Ni ma kunya ba za ta bar ni in buɗe wa mahaifina bayana ba.

Bayan 'yan kwanaki sai a zo biko. A wajenmu biko ba na miji shi kaɗai ba ne. Ajawid ake tarawa, wato dattawan sulhu, su zo bayan la'asar su zauna a rakubar ƙofar gida, wato rumfa, limaminmu a gaba, baffan mijina mai hawasha a gefensa, da wasu masu furfura. Za a kawo musu shayi a tire, kowa a ajiye masa kofinsa, amma ba wanda zai taɓa. Sai liman ya ce sun zo da buƙata, kuma shayin gidan nan ba zai shiga bakinsu ba sai an biya musu ita. Wanda ya san ƙasarmu ya san nauyin wannan magana. A ce dattawa sun tashi daga ƙofar gidanka sun bar shayi a kofi, abin kunya ne da za a riƙa faɗa har a kan jikokinka. Sai a kira mijina ya durƙusa, ya sa hannunsa cikin na liman ya rantse ba zai sake ɗaga mini hannu ba. Babana ya ce ya biya musu buƙatarsu. A ɗauki kofuna tun da sauran tururi, a sha, a shafa fatiha, a miƙo wa Inna sukari da sabon tob a ce nawa ne. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, ni nake dafa wannan shayin da hannuna. Ina sa kirfa da kanumfari, ina addu'a Allah ya sa wannan ne na ƙarshe. Ba a taɓa kirana rakubar an tambaye ni ko me ya faru ba. Maza ne suke magana a kaina, ni ina bayan katanga ina wanke cokali.

Haka aka yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har akwatina ya cika da tob masu kyau. In na je biki mata su riƙa taɓa bakinsa suna cewa lallai mijina ya iya zaɓe, ni kuwa kowane ɗaya na san raunin da ya zo biya. Shuɗin na haƙarƙari ne, mai furannin nan na leɓe. A cikin haka na haifi 'yata, masaƙa kuma ta tsaya, mijina ya koma zaman gida. Mutane suka samu abin faɗi, wai rashin aiki ne ke sa shi zafin rai. Ni dai na san tun yana karɓar albashi yake kwance agogo.

Ranar da Allah ya kawo ƙarshen abin, lokacin cirar auduga ne, ƙauye ya watse, manya da yara duk suna gona. Da hantsi ne, ina goye da yarinyar ina shara. Mijina ya nemi wani abu a aljihun rigarsa bai gani ba, ya ce ni na ɗauka. Ban ma gama rantsuwa ba ya kawo mini mari da dukan ƙarfinsa a kunnen hagu. Na ji wani abu ya yi ƙara a cikin kaina kamar an fasa ƙwarya, na tafi da baya na faɗi a jikin randa, kuma a kan goyona na faɗi. Yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Wannan ɗan shirun da ta yi kafin ta tsala ihu, ban taɓa shiga wani lokaci mai tsawonsa ba a rayuwata. Da na kwance ta na ga tana motsi, ban tsaya neman mayafin kirki ba, na rungume ta na fita. Na san Inna ma tana gona, gidanmu a rufe yake, sai na bi bakin tur'a har hawashar babana.

Yana tsakiyar auduga da buhu a kafaɗa ya ɗago ya gan ni. Jini ya biyo wuyana ya jiƙa rigata, hannuwana a buɗe, tsofaffin tabo da sababbi duk ga su a rana. Wannan ne karo na farko da ya gan ni kafin a wanke ni. Ya saki buhun, ya karɓi jikarsa ya duba ta gaba da baya, sannan ya tsaya yana kallon hannuna, yana kallon Inna da ta taho da gudu, ita kuma ta kasa haɗa ido da shi. A amalanken jaki ya kai mu bakin titi, muka hau lori zuwa wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. A asibiti aka duba yarinyar aka ce lafiyarta lau, ni kuma aka ce tunda rauni na duka ne sai mun kawo takarda daga wajen 'yan sanda. Muka je. Wanda muka tarar ya ɗauki alƙalami da zafinsa yana tambayar wa ya yi wannan aika-aika, da na ce mijina ne sai ya ajiye alƙalamin a hankali. Ya ce wa babana, ya haj, wato dattijo, tsakanin mata da miji sai Allah, ku koma gida ajawid su gyara, in aka buɗe ƙara gobe ita ce za ta zo tana roƙon a rufe. Sai da babana ya yi ta magiya, yana cewa shi magani kawai yake so a yi wa 'yarsa, sannan aka ba mu takardar. Likita ya leƙa ya ce fatar cikin kunnen ta fashe, kuma ba lallai ne jin ya dawo ba.

Ba a yi mako ba aka aiko cewa ajawid na tafe. Inna ta ce in ɗora shayi, na ɗora kamar yadda na saba, na riga na san yadda ake gamawa. Na kuma san abin da ke wuyan babana. Abincin gidanmu gaba ɗaya daga hawashar baffan mijina yake fitowa, ga ƙannena ƙanana. Har na fara shirya wa kaina haƙuri. Da na jera kofuna sai babana ya leƙo ya ce yau ni zan kai tiren da kaina, kuma kada in ja tob in rufe bandejin. Na fita da tiren, na ajiye wa kowa kofinsa, zan juya ya ce in zauna a bakin tabarma.

Liman ya yi maganar da ya saba, cewa ba za su sha ba sai an biya musu buƙata. Baffan mijina ya karɓa, ya ce yaro ya yi kuskure ya kuma gane, ga shi zai rantse. Sannan ya gyara rawani ya ƙara da cewa shi da babana sun daɗe suna cin arzikin ƙasa ɗaya, bai kamata rigimar yara ta shiga tsakanin manya da gonarsu ba. Kowa ya gane abin da yake nufi. Babana bai ce ya biya musu ba. Idona yana kan kofunan. Na ga tururin yana raguwa, yana raguwa, har ya ɗauke, ƙuda ya zo ya sauka a bakin kofin liman ba wanda ya kore shi. Wani dattijo ya yi tari, wani ya ce lokacin magariba fa na matsowa. Can liman, wanda yake zaune ta hagu da ni, ya yi magana. Na ga kowa ya juyo yana kallona, ban san me ya faru ba. Ashe ni ya tambaya, har sau biyu, ban ji ba. A nan ne babana ya buɗe baki.

"Malam, koma mata ta dama. Wancan kunnen an rufe shi."

Tsohon nan ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya zagayo ta damana ya tsuguna, ya ce, "Ɗiyata, kina son komawa?" Tun da aka fara yi mini biko ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce, "Malam, tsoro nake ji. Ba don kaina ba, don goyona." Babana ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Sau nawa kunka zo ƙofar ga, ban taɓa barin ku kunka tashi da ƙishirwa ba. Yau ku yi mini gafara. Ɗiyata ba ta komawa." Baffan mijina ya fara tashi, ya kaɗe rigarsa ya ce to shi kenan, kowa ya san inda ruwansa ke fitowa. Sauran suka bi shi. Liman ne ya fita a ƙarshe, ya tsaya ya daɗe yana kallon kofinsa. Da suka tafi na durƙusa zan kwashe tiren ina kuka ina ba babana haƙuri a kan kunyar da na jawo masa. Sai ya ɗauki kofi ɗaya ya shanye shi da sanyinsa, ya ce kanumfarin ya ji, in daina kuka, shayi ne, ana dafa wani.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Ana gama kwashe auduga aka karɓe hawashar, babana da furfurarsa ya koma aikin yini a gonakin mutane. Aka yi ta magana a ƙauye cewa ya watsa wa dattawa ƙasa a ido saboda 'yar boko, Inna ta daɗe ba ta iya shiga taron mata. Mijina ya ce ba zai sake ni ba ko sama da ƙasa za su haɗu, ya ma riga mu zuwa kotu ya ce na fita daga ɗa'arsa, a umarce ni in koma. Ni kuma na nemi a raba mu saboda cutarwa. Alƙali ya saurare ni, bai wulaƙanta ni ba, amma ya ce sai na kawo shaidu. Takardar likita ta nuna kunne ya fashe, ba ta nuna wanda ya fasa shi ba, mijina kuwa ya ce santsi ne ya kwashe ni a bakin randa. Maƙwabtan da katanga ɗaya ce tsakaninmu, waɗanda suka sha jin kukana, da aka neme su sai suka ce su dai rediyo suke ji. Ban riƙe su a zuciya ba, kusan kowannensu yana ci ne daga hannun mai hawasha. Haka muka yi ta hawa lori muna dawowa, ana ɗaga zama, ni kuma kullum da fargabar ranar da za a ce in tattara in koma ɗakin nan mai taga.

Wata safiya muna jiran mota a bakin titi sai ga liman da sandarsa, ya yi mana sallama, da motar ta zo ya hau. Mun ɗauka asibiti za shi. A kotu muka ga ya bi mu ciki ya nemi a ba shi dama. Ya gaya wa alƙali cewa shi bai taɓa ganin duka da idonsa ba, ba zai ce ya gani ba. Amma wannan yaron ya sa hannunsa cikin nasa, a gaban dattawa, ba sau ɗaya ba, ya rantse da Allah ba zai sake dukan matarsa ba, kuma ba a rantsuwar barin abin da ba a taɓa yi ba. Ya ce duk shayin da ya sha a ƙofar gidan babana yana nan tsaye a maƙogwaronsa, yana tsoron ranar da za a tambaye shi a kansa. Alƙali ya juya ya tambayi mijina ko an yi waɗannan rantsuwoyi. Bai musa ba, domin ko shi bai iya ƙaryata limamin da yake bi salla ba. A wannan zaman aka raba auren. Da muka fito na nemi gindin wata bishiya na yi sujada a kan ƙasa, ban damu da masu kallo ba. Iskar da na shaƙa ranar daban take.

Yanzu shekaru sun ja. Mun bar ƙauyen muka koma wajen dangin Inna kusa da Sinnar, babana ya samu ɗan fili a bakin kogi yana shuka albasa da kuɓewa, a nan ya ƙarasa kwanakinsa cikin rufin asiri, Allah ya jiƙansa. Na sake aure, Allah ya haɗa ni da mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, wanda tun ranar farko ya koyi zama ta damana ba tare da na roƙe shi ba. Yarinyar da na faɗa a kanta ta girma, tana karatu, ba abin da ya same ta. Tob ɗin nan na biko duk na rabar, ban bar ko ɗaya ba. Alhamdulillahi, ina kwana ina tashi ba na sauraron muryar rediyon kowa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, in na zauna na duba sai in ga ba doka ce ta fitar da ni ba. Uba ne da ya yarda ya rasa gonarsa, da tsoho ɗaya da tsoron Allah ya hana shi sukuni. To wadda ba ta da uba fa, ko wadda limamin garinsu bai hau lori ba? Da a kasuwa wani baƙo ya fasa mini kunne, da ranar zai kwana a tsare, ba mai cewa a koma gida a sasanta. Me ya sa hannun da ya fi kowane kusa da mace shi ne hukuma ta fi jin nauyin riƙewa? Ina roƙon masu iko da masu ilmin shari'a su yi mana doka mai ƙarfi wadda ta san da zaman irinmu. A yi wa mai rauni magani kafin a tambaye ta takarda. Wanda aka kai wa ƙara ya karɓa ko da a kan miji ne, kada ya ajiye alƙalami. Kada a ce sai mace ta kawo wanda ya gani, alhali kowa ya san a bayan ƙofa ake yi, kuma kada a mayar da ita hannun wanda take ƙara tun ba a gama bincike ba. Wannan ba saɓa wa addini ba ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba.

Ban ce a bar sulhu ba, biko ya gyara gidaje da yawa, na gani da idona. Amma dattawa, in kun je, ku kira yarinyar ku tambaye ta, ku kuma dubi jikinta kafin ku dubi kofinku. Iyaye mata, na san don rufin asiri kuke yi, amma kada ku wanke jinin kafin ubanta ya gani. 'Yan uwana mata kuma, haƙuri ibada ne, amma ba a ce ki tsaya har a kashe ki ko a kashe abin da kike goye da shi ba. Ku kuma iyaye maza da kuke tsoron a ce baƙi sun tashi ba su sha ba, ku tuna da babana. An yi maganarsa shekara ɗaya ko biyu aka gaji aka bari, har waɗanda suka zage shi sun zo sun sha shayi a sabuwar rakubarsa. Ni kuwa kunnen da na rasa tun ana shan shayin da zafinsa, har yau da nake wannan rubutu bai dawo ba.